Martani ga Mai Cewa Rukuni Kurkuku Ne

Makalar da ta fito a wannan fili kwanakin baya kan wasannin jarumai na intanet na karanta ta har ƙarshe, kuma na yaba. Ba kullum ake samun wanda zai zauna ya yi wa gem rubutun hankali da Hausa ba. Abin da aka saba ji bai wuce ƙorafin iyaye ba, cewa ya cinye data ya hana yaro karatu. Sai dai yabon rubutu daban, yarda da abin da ya ƙunsa daban. Malam marubuci ya ce tsarin rukuni kurkuku ne da kamfanoni ke jefa ɗan wasa a ciki saboda lalaci, tsohon yayi ne da aka gada tun zamanin takarda da biro, kuma wai 'yanci na gaskiya yana cikin buɗaɗɗen tsarin ƙwarewa, inda kowa ke gina jaruminsa yadda ransa ya so. Ya gabatar da Ultima Online da Star Wars Galaxies a matsayin shaidu. Ni kuwa a ganina, shaidun nan biyu in aka bar su suka yi magana da bakinsu, ba shi za su goya wa baya ba.

Ga mai karatun da bai taɓa leƙawa ba, waɗannan wasanni ne da dubban mutane ke haɗuwa a duniya ɗaya ta kwamfuta ko waya, kowa da jarumin da ya ƙirƙira, ana farautar dodanni, ana fatauci, ana yaƙi tsakanin ƙungiyoyi. A wasunsu tun a allon farko za a tambaye ka: mayaƙi kake so ka zama, ko matsafi, ko maharbi, ko mai magani? Abin da ka zaɓa shi ne rukuninka, shi zai yanke makamin da za ka riƙe da aikin da za ka yi a cikin ayari. A wasu kuwa ba a tambayarka komai. Ka sari itace, ƙwarewarka ta saran itace ta ƙaru. Ka wurga wuta, ta sihiri ta ƙaru. A kan waɗannan biyu ake gardamar.

Batun tsohon yayi shi ne mafi sauƙin warwarewa. Gaskiya ne rukuni ya samo asali daga Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, da rukuni uku: mayaƙi, matsafi da malamin ibada mai warkarwa. Ɓarawo ya shigo a shekarar da ta biyo. Amma shi ma buɗaɗɗen tsarin a kan teburin aka haife shi. RuneQuest ya fito a 1978, shekara huɗu kacal bayan nan, babu rukuni a cikinsa, kuma ƙwarewa tana ƙaruwa ne gwargwadon amfani da ita. Da aka zo intanet, Ultima Online marar rukuni ya fito a watan Satumba na 1997, EverQuest mai rukuni 14 sai a Maris na 1999. Ashe sa'o'in juna ne, kuma tsakanin waɗannan biyun wanda malam ke kira sabo shi ya riga shiga kasuwa.

To mu shiga Ultima Online ɗin, mu ɗan daɗe a ciki. Kamfanin Origin ne ya yi shi, Raph Koster na jagorantar tsara shi. Fannonin ƙwarewa sun haura 40, daga takobi da sihiri zuwa ɗinki, ƙira, kamun kifi, horar da dabbobi, har da bara. A lokacin, kowane fanni yana kaiwa maki 100, amma jimillar abin da jarumi ɗaya zai riƙe 700 ne, wato fanni bakwai kaɗai za ka ƙure. A lissafi, hanyoyin zaɓar bakwai daga cikin 40 sun haura miliyan 18. Wannan adadi ne irin wanda ke sa mai rubuta makala ya ji tsigar jikinsa ta tashi. A filin daga fa, me ya faru?

Ba a jima ba 'yan wasa suka gano cewa wanda ya haɗa sihiri da juriyar sihiri da takobi da dabarun yaƙi da kokawa, ya rungumi dogon gatari, yana kayar da kusan duk wanda ya tare shi. Aka raɗa wa wannan zubi suna, aka rubuta shi dalla-dalla, kowa ya kwafa. Aka samu zubi na biyu, na mai zafin nama da ke dogara da makami da bandeji. Aka samu mai horar da dodanni ya tura su yaƙi, da makaɗin da ke haɗa dodanni faɗa da junansu ya koma gefe yana jiran ganima. Sai kuma wanda suke kira alfadari, jarumin da aka ware wa sana'a zalla, ƙira da ɗinki da haƙar ma'adinai, don ya yi wa jarumin yaƙi hidima. Malam, mene ne waɗannan in ba rukuni ba? Kowanne yana da suna, yana da jerin abin da dole ka mallaka, yana da aikin da aka san shi da shi, kuma in ka kauce masa kowa ya san ka kauce. An dai sauya wa tuwo suna ne. Bambancin da ke akwai ɗaya ne, kuma shi ne ya fi damuna: ba kamfani ne ya rubuta su a allon farko inda kowa zai gani ba, tsofaffin 'yan wasa ne suka rubuta su, suka ajiye a inda sabon shiga bai san da shi ba.

Sabon shiga shi ke biyan kuɗin wannan 'yanci. Ya ji an ce ka zama duk abin da kake so, sai ya ɗan taɓa kamun kifi, ya ɗan taɓa baka, ya ɗan taɓa sihiri, ya ɗan taɓa girki. Bayan makonni ya fita bayan gari, wani mai cikakken zubi ya kashe shi cikin daƙiƙa goma, ya kwashe duk abin da ke jikinsa, don a farkon Ultima Online gawa ba ta da kariya. Nan ne zai gane cewa a cikin miliyoyin zaɓin nan, waɗanda ke aiki ba su cika tafin hannu ba, sauran tarko ne. Akwai kuma abin da malam ya tsallake. In ka kai 700, duk makin da ya ƙaru a wani fanni daga wani fannin ake zare shi, har mutum ya riƙa tsoron taɓa abin da bai shafe shi ba, kada takobinsa ya ragu. Sai da aka ƙara wa wasan makulli na kulle fannin da ba ka so ya motsa. Tun da kuma maimaici ne ke ƙara ƙwarewa, mutane suka koma barin kwamfuta a kunne dare guda, wata 'yar manhaja tana danna maɓalli ɗaya sau dubbai, mai jarumin yana can yana sharar barci. Kamfani ya haramta, ba a daina ba. Labarin jarumin da ayyukansa suka gina shi yana da daɗin ji, amma da yawa daga gwanayen duniyar nan a ɗaki kulle aka gina su, suna jifan bango da sihiri.

Wannan ba gazawar Koster ba ce, ba kuma rashin basirar 'yan wasa ba. Duk inda aka tara dubban mutane suna gasa a kan ƙa'ida ɗaya, wani zai gano haɗin da ya fi kowanne ƙarfi, gobe kowa ya ji. A wasan da kake bugawa kai kaɗai, kamar Skyrim na 2011, babu damuwa. Ka gina gurgun jarumi, dodon zai jira ka, ba wanda ka ja wa asara. A wasan jama'a kuwa gurgun zubinka lokacin abokan ayarinka yake ci.

Kamfanonin da suka zo daga baya sun sha ganin haka, shi ya sa da yawansu suka dawo da abin da suka kora. Darkfall na kamfanin Aventurine na ƙasar Girka ya fito a 2009 babu rukuni, sakamakon kuwa shi ne duk mai son tsira a yaƙi sai ya koyi sihiri da baka da takobi gaba ɗaya, jarumai suka zama kamar an tsaga kara. Da aka sake gina wasan a 2013 sai ga rabon ayyuka huɗu. The Secret World na 2012 ya yi alfahari da dabaru fiye da 500 da za ka zaɓi bakwai na kai hari da bakwai na tallafi daga ciki, amma a cikin wasan kansa akwai shiryayyun zubi masu suna da tufafi, don kada sabon shiga ya ɓata. Path of Exile, wanda ake yawan nuna hoton bishiyar ƙwarewarsa mai rassa fiye da dubu don a burge mutane, yana da rukuni bakwai tun farko, ya ƙara ƙananan rukunai a 2016, kuma shawarar farko da tsofaffin 'yan wasansa ke ba baƙo ita ce ya nemi zubin da wani ya rubuta ya bi shi sau da ƙafa.

RuneScape labarinsa ya ma fi ban dariya. Andrew Gower ya fitar da shi a 2001, babu rukuni, babu kuma iyakar jimilla. Kowane fanni kana iya kai shi mataki na 99, in kana da haƙurin tara maki 13,034,431 a kowanne. A nan babu tarko, amma ƙarshen hanyar ɗaya ce ga kowa: duk wanda ya ƙure komai, kwafin ɗan'uwansa ne da ya ƙure komai. Sai me 'yan wasa suka yi da wannan 'yanci marar shinge? Suka fara kafa wa kansu shinge. Wasu suka ƙi ɗaga fannin kariya daga mataki na 1 da gangan, don su zama wani nau'in mayaƙi mai suna na kansa. Wasu suka haramta wa kansu saye da sayarwa da kowa, sai abin da hannunsu ya samo. Abin ya yi farin jini har kamfanin Jagex ya mayar da shi tsari na hukuma a 2014. Mutanen da aka ba filin Allah su ne suka roƙi a gina musu katanga, don sun gane cewa abin da ba ka iyawa shi ke ba abin da ka iya daraja.

A nan ne nake ganin malam ya kalli al'amarin ta gefe ɗaya. Duk makalarsa a kan ni take: abin da nake so in zama, abin da aka hana ni. Bai tambayi abin da rukunina ke yi wa sauran mutane ba, alhali su ne dalilin da ya sa wasan ya zama na intanet. Rukuni alkawari ne da kake ɗauka wa baƙon da bai san ka ba. A World of Warcraft, wanda Blizzard ya fitar a Nuwamban 2004 da rukuni tara, ayarin shiga kogo mutum biyar ne: mai garkuwa ɗaya da zai tsaya gaban dodo ya sha duka, mai magani ɗaya da zai riƙa mayar masa da jini, da masu sara uku. Mutum biyar daga ƙasashe biyar, ba su taɓa haɗuwa ba, watakila ma ba sa jin yaren juna, cikin minti ɗaya kowa ya san inda zai tsaya. Ba wanda ya tambayi wani maki nawa gare shi a fanni kaza. Suna da launin rukuni sun gama bayani.

Malam ya kwatanta rukuni da sana'ar gado a ƙasar Hausa, ɗan maƙeri maƙeri, ɗan wanzami wanzami, ba tare da an tambaye shi ba. Kwatancen ya yi armashi, amma ya karkace. Ɗan gado ba shi ya zaɓi gidan da aka haife shi ba. Ɗan wasa da yatsansa ya danna, kuma in abin bai karɓe shi ba ya ƙirƙiri wani jarumin yau ɗin nan. Amma tun da ya kawo shi, bari in riƙe ta ɗaya bakin. Ranar suna uban jariri ba ya zaga unguwa yana tambayar wa ya ɗan iya aski. Ya san gidan wanzamai, kuma zabira ta isa shaida. Amfanin sunan sana'a ya fi yawa ga mai neman ta fiye da mai yin ta.

Akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Shinge ne ke ba mai tsara wasa damar ba ka abu mai ƙarfi. A EverQuest akwai matsafin da ke iya sumar da dodanni da yawa a lokaci guda, ya tsayar da su kamar gumaka har ayari ya gama da su ɗaya bayan ɗaya. An iya ba shi wannan ne saboda an san ba ya sa sulke, mari biyu ya faɗi. Malamin ibada na wasan, a farkonsa, yana da addu'ar da ke mayar da jinin mayaƙi kusan gaba ɗaya, saboda an san shi ba ya iya kashe komai da sauri. Ka buɗe tsarin ka ce kowa ya ɗauki abin da yake so, mutum ɗaya zai haɗa sulken mayaƙi da sumarwar matsafi da addu'ar malami, ya daina bukatar kowa. Mai tsara wasa ba shi da mafita sai ya rage wa kowace dabara kaifi har ta zama lami. Zaɓi ya yi yawa, ɗanɗano ya gudu.

Guild Wars 2 ya gwada raba gari da wannan rabon aiki a 2012. Ya bar rukunai, amma ya ce babu mai magani na musamman, kowa ya kula da kansa. Kogunansa na farko suka zama tsere, kowa na sara yana tsalle, ba mai jiran wani. Da kamfanin ArenaNet ya tashi kawo yaƙe-yaƙen mutum goma a 2015, sai ga shi ya fito da cikakken mai magani. EVE Online na kamfanin CCP na ƙasar Aisland, wanda ya fito a 2003, shi ne abin alfaharin masu ra'ayin malam, don babu rukuni kuma ƙwarewa tana ƙaruwa da agogo ko kana barci. Amma a EVE jirgin da ka shiga shi ne rukuninka. Akwai jiragen gyara irin su Guardian da Basilisk waɗanda aikinsu ke nan mayar wa wasu jini, akwai masu kama abokin gaba su hana shi gudu, akwai masu luguden wuta. Manyan ƙungiyoyi kuwa suna fitar da umarni a rubuce, jirgi kaza da kayan ɗamara kaza, wanda ya zo da nasa salon a ce ya koma gida. Ban san wasan rukunin da ya kai wannan tsanani ba.

Ba zan kafa hujja da yawan jama'a ba, ko da yake World of Warcraft ya kai masu biya miliyan 12 a 2010, Ultima Online kuwa ƙololuwarsa wajen 250,000 ce. Yawan masu saye ba shi ke nuna kyan kaya ba, kuma dalilan nasarar Blizzard sun fi rukuni yawa.

Saura Star Wars Galaxies, babbar hujjar malam, kuma ba zan raina ta ba. Wasan ya fito a watan Yuni na 2003, Koster ɗin dai ne ke jagorantar tsarinsa a kamfanin Sony Online Entertainment. An ba kowa maki 250 ya raba tsakanin sana'o'i fiye da 30. A ranar 15 ga Nuwamba, 2005 kamfanin ya rushe wannan duka, ya mayar da wasan rukuni tara, kwanaki kaɗan bayan ya sayar wa mutane sabon ƙari, har sai da ya yarda ya mayar da kuɗin masu so. Jama'a suka watse, aka rufe wasan a Disamban 2011. Malam ya ce ga shi nan, rukuni ya kashe wasa.

Abin da aka yi wa mutanen nan cin amana ne, a wannan ba mu da saɓani. Mutum ya shekara biyu yana kiwon dabbobin yaƙi, ya wayi gari an shafe sana'arsa daga doron wasan. Ko daga rukuni aka koma buɗaɗɗen tsari ta wannan hanya, haka za a watse. Amma mu duba abin da tsofaffin 'yan wasan ke kewa har yau. Suna kewar cewa in ka dawo daga yaƙi da rauni sai ka nemi likita, ɗan wasa ne irinka, a asibiti. Gajiyar yaƙi ba ta sauka sai ka zauna a gidan rawa ka kalli mai rawa ko ka saurari makaɗi, su ma mutane ne. Bindigarka wani maƙerin makamai ne ya ƙera ta, sunansa na jikinta, kuma za ta lalace ka koma wurinsa. Likita, makaɗi, tela, mai girki, maƙerin sulke, magini: sunaye ne, kowanne da matakansa daga ɗan koyo zuwa gwani, da laƙabin da ake rataya wa a saman kan jarumi don kowa ya gani. Maki 250 ba sa isar ka ka zama duka, dole ka bukaci wani. Wato wasan cike yake da rukunai, ya dai ba ka damar riƙe biyu ko biyu da rabi. A 2005 an rage sunayen, an hana kaya lalacewa, an sa mayaƙi ya wadatu da kansa. Bukatar juna aka kashe, kuma bukatar juna ita ce abin da nake karewa tun farkon wannan rubutu.

Wasan da kansa ya nuna abin da ke faruwa in sunan sana'a ya rasa nauyi. Hanyar zama Jedi, jarumin da kowa ke kwaɗayi a wasan, a ɓoye take: sai ka ƙure wasu sana'o'i da wasan ya zaɓa maka a asirce. Da aka fara ba da alamu a ƙarshen 2003 jama'a suka gano sirrin, kowa ya shiga ƙure sana'a ya yar, ya ɗauki wata ya ƙure ya yar. Gidajen rawa suka cika da masu rawar da babu kowa a bayansu, manhaja ke juya su. Sauƙin sauya sheƙa, wanda malam ke yaba wa, shi ya fara cinye wasan tun shekara biyu kafin a taɓa shi da rukuni tara.

Ba na cewa tsarin rukuni ba shi da aibu. Yana da su, manya. A farkon EverQuest rukunan da suka haɗa yaƙi da sihiri sai sun tara maki fiye da na wasu kafin su hau mataki, hukuncin da aka cire daga baya don zalunci ne ƙarara. Mutum kan shafe awanni yana neman ayari saboda ba a bukatar irinsa. A farkon World of Warcraft, wanda ya zaɓi jarumi mai sulke da guduma don ya yi yaƙi, in ya shiga rundunar mutum 40 sai a ce ya koma baya ya yi magani, kuma sauya zubi yana kaiwa zinariya 50 kowane karo. Har gobe masu sara su ke daɗewa a layi, mai garkuwa da mai magani ana rububinsu. Amma duba da kyau, ƙorafin malam na gaskiya ba a kan samuwar rukuni yake ba, a kan tsadar sauyawa yake: na zaɓa ranar farko ban san komai ba, yanzu an ce in sake daga tushe. Wannan ciwo an daɗe da samo maganinsa ba tare da an rushe rukuni ba. Final Fantasy XI ya bar jarumi ɗaya ya riƙa sauya aiki tun 2002. Blizzard ya ba kowa damar riƙe zubi biyu a 2009. Final Fantasy XIV, wanda Naoki Yoshida ya sake ginawa a 2013, ya kai abin ƙarshe: ka sauya makamin hannunka, aikinka ya sauya, kuma jarumi ɗaya yana iya koyon dukkan ayyukan yaƙi, waɗanda yanzu sun haura 20, da na sana'ar hannu. Ba a kulle ka ba. Amma a lokacin da ka shiga kogo da mutum uku, kai abu ɗaya ne sananne, kuma sun san abin da za su nema a wurinka.

Mu kuma da ke buga gem a nan, akasari a waya, data a ƙidaye, caji ba tabbas, ya kamata mu fi kowa jin wannan. Wanda ke da awa goma a rana da intanet marar yankewa yana iya lalata jarumi uku kafin ya gane hanya, ya kira hakan bincike. Ɗalibin da ke samun awa ɗaya bayan isha'i ba shi da wannan sukuni. Tsarin da ya gaya masa gaskiya tun a allon farko, ga aikinka, ga ƙarfinka, ga rauninka, ya fi mutunta shi fiye da wanda ya ce masa komai daidai ne alhali ba daidai ba ne.

Kafin malam ya mayar mini da martani, ina roƙonsa abu ɗaya. Albion Online ba shi da rukuni, kayan da ka sa su ne kai, kyauta ake shigarsa, kuma yana kan waya tun 2021. Ya shiga, ya nemi ayarin masu zuwa kogo, in sun tambaye shi aikinsa ya ce shi ba mai garkuwa ba ne, ba mai magani ba ne, ba kuma cikakken mai sara ba ne, haɗi ne na kansa. Duk abin da suka amsa masa, ya rubuto mana shi a wannan fili mu karanta.